Yadda Na Je Kankiya Shaidar Wanda Ba Na Kallo

Waɗanda suke wurin a ranar su ne: ni Mairo, da ake ce wa Goggo, da Rabi autata, malamar firamare, wadda ita ce ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta ƙara kada ta rage, da ƙanwata Saude da ke aure a Kankiya, da Malam Iro na Rimaye, mai ƙara, da wani dogon mutum da ya kawo shaida, da mai shari'a, da Lawal ɗan jarida, mai kawo labarin kotu a rediyo. Sai kuma wanda ake ƙara. Shi ne na fari a cikina, don haka ba za ku ga sunansa a takardar nan ba. Mijin Hadiza ne. Ragon da ake rigima a kansa bai zo ba, har yau kuma ba a san inda yake ba.

Tun da na dawo matan unguwa ba su bar ni na huta ba. Wannan ta zo aron rariya ta zauna, waccan ta zo ɗibar wuta alhali da ashana a ɗaure a bakin zanenta, kowa so take ta ji yadda aka yi. Na gaji da maimaitawa. Ga shi nan a rubuce, wadda ba ta iya karatu ba ta nemi mai karanta mata, kamar yadda ni ma na nemi mai rubuta mani.

Asalin maganar shi ne, mijin Hadiza dillalin awaki da tumaki ne. Malam Iro ya ɓatar da rago a kasuwa, sai wancan dogon ya ce mashi ya ga wani mai sanƙo da wushirya ya saɓa shi a kafaɗa ya ruga da la'asar. Masu sanƙo da wushirya sun yi yawa a ƙasar nan, amma namu aka zaɓa. To a ranar da ake magana, tun hantsi har faɗuwar rana yana kan ɗakina yana sake mani rufi. Mutanen gida duk sun tafi bikin suna a Tafashiya. Ni kaɗai ce a gida, ni kaɗai ce shaida.

Ba hukuncin kotu ne ya fi damuna ba. A ƙauyenmu ba wanda ke zuwa kotu ya ji da kunnensa. Rediyo ake jira. Kullum bayan la'asar maza na taruwa gindin darbejiyar mai shayi, mata na kasa kunne ta kan katanga, Lawal ya fara jero wanda ya saci kaza da wanda ya daki surukinsa. Abin da ya faɗa shi ne ya zauna. In ya ce dillali ɓarawon rago ne, ba mai sake miƙa mashi igiyar akuya daga Kusada har Rimaye, ko da alƙalai goma sun wanke shi. Shi ke nan sana'a ta mutu, ga iyali goma sha ɗaya.

Mun tashi ana gobe shari'a. Daga ƙauye zuwa Kusada a kan babur muka je. Na ce wa mai babur ɗina ya wuce gaba, na mijin Hadiza da na Rabi su biyo baya, don kada in yi ta kallon ƙeyar mutum. Ya ce in riƙe shi saboda yashi. Na ce ban riƙe ubansa ba, ba zan riƙe shi ba. Sau biyu muka kwanta a yashi, sau biyun kuma shi ne a ƙasa.

A Kusada muka shiga bas. Wanda ya ƙera motar nan bai san kunya ba, domin ya sa benci biyu suna fuskantar juna. Direba ya cusa ni a ɗaya, ya cusa mijin Hadiza a ɗayan, gwiwa na taɓa gwiwa. Rabi ta roƙi wani mai buhun barkono su yi musanya, ya ce shi in ya juya wa hanya baya amai yake. Sai na karkata wuyana hagu, na kafa ido a taga, na bar shi a haka. Mijin Hadiza ma na ji ana dariya wai ya karkata nasa dama. Wata yarinya mai jakar makaranta ta tambayi Rabi ko faɗa muka yi. Rabi ta ce a'a, uwa ce da ɗanta. Yarinyar ta ce to ai shi ya sa ta tambaya.

Da muka hau babban titin Kano zuwa Katsina, Rabi ta nuna mani wani allo, ta ce nan ƙasar Kusada ta ƙare, ta Kankiya ta fara. Na zuba ido in ga bambanci, tunda dama can wuyana yake kallo. Geron ɗaya ne. Amma kunyoyinsu a karkace suke, awakinsu kuma ba su da tarbiyya, suna kwance a tsakiyar titi mota na kauce masu. Gaba kaɗan wani mai kaki ya tsayar da mu, ya leƙo ta tagar da nake, muka haɗa ido. Ya tambayi abin da ke cikin kwanona. Na ce fura ce zan kai wa ƙanwata. Ya ce a buɗe. Furar ta sha rana da girgiza, murfin na ɗagawa ta yi tsartuwa har kan hularsa. Ya goge, ya lasa, ya ce ta yi tsami. Na ce da safe aka dama ta, rana ce ta ƙasarsu ta fi tamu zafi. Ya ce mu tafi.

Da muka sauka a Kankiya na nemi in mayar da wuyana, ya ƙi. Ya ƙage a hagu. Haka na bi Rabi cikin gari ina tafiya gaba ina kallon gefe kamar kaza ta ga shaho, masu shago na ta gaishe ni don suna zaton su nake kallo.

Gidan Saude na siminti ne, an shimfiɗa ma ƙasan wasu faranta masu santsi, mutum na tafiya kamar a bakin rijiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sun kawo bayan gida cikin ɗaki, kusa da gado, sun sa mashi ƙofa mai fenti, har Saude ke buɗe mani tana alfahari. Na ce a gidanmu wannan wuri nesa ake kai shi, a kuma yi kamar ba a san da shi ba. Abinci kuwa, ta kawo wata taliya mai murɗe-murɗe da ƙwai a kai, ta ce cikin minti kaɗan ake dafa ta. Na ce ta yi kama da haka. Na sa hannu tana zamewa, ga wuya a karkace, rabi ya tafi kunnena. Daga ƙarshe furar nan mai tsami ita ta cece ni.

Kafin magariba Saude ta shafa mani man zafi a wuya, ta zaunar da ni tana koya mani magana. Ta ce gobe in an tambaye ni, in ce na gan shi da idona, shi ke nan. Na ce ban gan shi ba. Ta ce ta sani, amma in faɗa hakanan.

"Saude," na ce, "shekara arba'in da shida ban ɗora ido a fuskar mutumin nan ba sai bisa kuskure. Kina so in dafa Alƙur'ani in ce na yini ina kallonsa?"

Ta ce mutanen Kankiya sun daina irin wannan, ita nata na fari har sunansa take kira, har su ci abinci kwano ɗaya. Na ce na lura, shi ya sa da muka shigo yana kwance a kujera bai tashi ba.

Da hantsi muka isa kotu. Ɗaki ne kamar aji, da benci, da fanka ɗaya mai kuka. Wani ya daka tsawa kowa ya miƙe, na ɗauka wani babba ne mai rawani zai shigo, sai ga mace, ba ta kai Rabi shekaru ba, da tabarau. Dattawa masu furfura na tsaye sai da ta zauna. Na ce a raina yau na zo wata ƙasa. Amma da na ga yadda ta kalli wani da wayarsa ta yi ƙara, har ya nemi ya haɗiye ta, sai na ji yarinyar ta kwanta mani.

Rabi ta raɗa mani cewa ga Lawal can. Ni a zatona mai wannan murya zai cika ƙofa. Ashe ɗan siriri ne kamar karan dawa, da manyan takalma, da ɗan littafi, da biro a bayan kunne ban da wanda ke hannunsa. Ba a bari a ɗauki murya a cikin kotu, sai dai ya rubuta. Aka yi rashin sa'a a hagu ya zauna, daidai inda wuyana ya tsaya. Tun da na zauna shi nake kallo, ba don ina so ba. Ya gyara hula. Ya duba rigarsa ko wani abu ya zuba. Ya matsa ƙarshen benci, bai fita daga idona ba. Tunda dole ce, sai na lura da aikinsa. An yi shari'u biyu kafin tamu. In mutum na magana ta hankali, biro na hutawa. In aka fara kuka ko rantse-rantse, sai hannunsa ya kama gudu.

Aka kira tamu. Malam Iro ya yi bayanin ragonsa kamar yana bayanin amarya, har da yadda yake tafiya. Dogon ya ce ɓarawon ya gifta shi kafaɗa da kafaɗa, a guje. Sannan aka kira ni, na yi alwala dama, na rantse. Mai shari'a ta ce in fuskance ta. Rabi ta yi bayanin wuya, sai ta ce to in tsaya yadda na samu. Yadda na samu kuwa Lawal ne.

Ta tambaye ni ko na san wanda ake ƙara. Na ce an san shi. Ta ce mene ne sunansa. Na ce yana cikin takardar da ke gabanta. Aka yi dariya, ta buga tebur. Sai ta ce, "Inna, ranar da ragon nan ya ɓata, kin ga wanda ake ƙara a gidanki?"

"Ban gan shi ba," na ce.

Saude ta dafe kai. Malam Iro ya gyara zama. Lawal kuwa biro ya kama gudu, ya ɗago ya ga har yanzu idona na kansa, ya tattara littafinsa ya sulale waje yana sanɗa da manyan takalman nan. Ina ganin fitarsa, ba halin in kira shi.

Mai shari'a ta cire tabarau ta dube ni. Ta tambaya ko ɗan fari ne. Na sunkuyar da ido ƙasa. Ta ce ita ma kakarta haka take, ta mayar da tabarau, ta ce to in bar abin da na gani, in faɗi abin da na sani.

Nan na samu hanya. Na ce da hantsi an jingina tsani a ɗakina, mai hawan yana tari iri ɗaya da na mai gidanmu marigayi. Na ajiye kwanon ɗumame gindin tsani na juya baya, na dawo na tarar an cinye an bar ƙanzo a gefe, mutum ɗaya ne kuwa a duniya ke barin ƙanzo a gefe tun yana yaye. Da azahar inuwar mai aikin ta faɗo tsakar gida, ba hula, kan na sheƙi har a inuwa. Ana gama sallar azahar azara ta karye, mutum ya faɗo ta cikin rufi, ya sauka zaune cikin kwandon kalwar daddawa da na rufe kwana biyu.

Ta tambaya me na yi da ya faɗo. Na ce na fuskanci bango na ce wa bangon akwai ruwa a randa, akwai sabulu a kan taga. Daga nan har rana ta faɗi ana aiki a sama ana nishi, ana ɗingishi in an sauko ɗibar ƙasa.

Mai shari'a ta juya ga Malam Iro, ta tambaye shi yaushe ya fara zuwa wurin wanda yake zargi. Ya ce bayan kwana biyu. Ta ce yaya ya same shi. Malam Iro mutum ne mai tsoron Allah duk da rigimarsa. Ya sosa gemu ya ce gaskiya daga nesa suka yi magana, domin ba a iya tsayawa kusa da shi, kuma da sanda yake tafiya. Ta tambayi dogon ko wanda ya gifta shi kafaɗa da kafaɗa yana wari. Ya ce warin rago kawai ya ji. Ko yana ɗingishi? Ya ce wannan ko babur ba zai kamo shi ba. Ta yi rubutu mai tsawo da Turanci, ta ce babu hujja, ta sallami mijin Hadiza, ta ce Malam Iro ya ci gaba da cigiya.

Saude ta fara guɗa a bakin ƙofa, na toshe mata baki. Na ce ba a gama ba, a nemo mani mai manyan takalma.

Mun same shi bakin tasha, a rumfar mai shinkafa da wake, cokali a hannu ɗaya waya a ɗaya, yana magana da wannan muryar ta rediyo. Da kunnena na ji yana cewa uwa ta dafa Alƙur'ani ta ce ba ta ga ɗanta ba. Na zagaya ta inda wuyana zai same shi, na kama igiyar jakarsa. Da ya gan ni sai da shinkafa ta sarƙe shi.

Ya ce shi bai ƙara komai ba, abin da ya ji ya faɗa, aikinsa ke nan. Na ce na yarda bai ƙara ba, ragewa ya yi. Na tambaye shi in matarsa ta sauke tuwo tun ruwa bai tafasa ba ta ce ai abin da ke cikin tukunya ta kawo, zai ci? Ya ce yana da wata kotun da zai je, kuma gaskiya kallon da nake mashi ne ya hana shi zama, ya ɗauka wani abu nake tofa mashi. Rabi ta sake bayanin wuya. Mai shinkafa ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti.

Zan faɗi gaskiyarsa: bai ɗauki maganata hakanan ba. Ya ce sai ya ji daga kotu. Ya bar mani jakar a hannu, ya ruga wurin magatakarda, ya dawo yana haki da hularsa a hannu. Ya ce haka ne, an sallame shi, ya yi kuskure, in yafe mashi. Amma akwai matsala. Ya riga ya tura na farkon gidan rediyo, babbansu ya ji ya ce da shi za a buɗe shirin yau. Ba zai yarda a cire ba sai an ba shi abin da ya fi shi. Abin da ya fi shi kuwa shi ne muryar tsohuwar da ta ce ba ta gani ba, ta faɗi da bakinta wanda aka wanke.

Na ce a kawo wayar. Na ce mijin Hadiza bai saci rago ba. Ya ce Inna, daga nan zuwa Kusada mazan Hadiza sun fi ɗari, har shi ma matarsa Hadiza ce. Na ce to dillalin nan mai sanƙo. Ya ce da wannan bayanin aka kama shi tun farko. Ya ce in ce ɗan wane, in faɗi sunan uban. Saude ta ce mashi kada ya ƙara wa kansa aiki, wannan ma ba ta faɗa. Rabi ta ce ita za ta faɗi sunan. Ya ce ba ita ta rantse ba, masu sauraro za su ce an sayo wata ce.

"Inna, saura kaɗan a rufe karɓar labari," ya ce. "In kin ce a bari, sai a bari. Amma na farkon ne zai fita."

Na tsaya. Na tuna igiyoyin awaki da ke rataye a zauren gidan, da bakuna goma sha ɗaya. Na ce wa Rabi ta gaya wa mijin Hadiza, da ya biyo mu, ya tafi bayan tasha, can nesa, ya toshe kunne. Na ce Saude da mai shinkafa su juya baya. Na ce Lawal ya rufe ido. Ya ce in ya rufe ba zai ga abin dannawa ba, na ce ya danna sannan ya rufe.

Na faɗa. Sau ɗaya, da ƙarfi, don kada a ce a sake. Na ce wane ɗana ne, ranar yana kan ɗakina, kotu ta wanke shi, duk mai akuya ya kawo. Ba zan maimaita sunan a nan ba. Da na gama sai na ji wuyana ya yi ƙas ya saki, ya juya dama da kansa, sai ga mutumin a tsaye bayan wata baro, taku biyar daga inda nake, hannuwansa a sake ba a kunne ba. Gemunsa ya yi fari. Ba wanda ya gaya mani ya yi fari haka. Na mayar da wuyan hagu da kaina.

A motar dawowa na biya kuɗin kujerar gaba. Mun iso gida ana kiran la'asar. Ban je kusa da katanga ba, na shiga ɗaki na rufe, amma rediyon mai shayi ba ya jin kunyar kowa. Lawal ya faɗi shari'ar daga farko har ƙarshe, har da daddawa, bai rage ba. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa ya fita kafin a gama, ya koma ya tambaya. Sai ga muryata. Ashe haka nake da amo. Suka sa ta a farkon shiri, suka sa a tsakiya, suka sake sawa a ƙarshe. Kafin magariba Hadiza ta aiko a gaya mani mutum uku sun kawo awaki, ɗaya daga Rimaye.

Washegari da safe ina shara sai na ji kaina ina kiran sunan daga gidan maƙwabta. Na tsaya da tsintsiya. Sai na sake ji daga wajen rijiya. Rabi ta ce samari ne suka ɗauka daga rediyo suka sa a wayoyinsu, duk wanda aka kira, ni ce ke fara magana. Na ajiye tsintsiya, na ɗauki sandata, na sa Rabi gaba. Gida gida muka bi. In na miƙa hannu a ba ni waya, Rabi ta goge, in mayar. Mun goge bakwai, har da ta mai shayi, har da ta ladan, wanda ya ce shi ba shi ya sa ba. Muna dawowa ta ƙofar gidan Hadiza sai na ji ta takwas daga cikin zaure. Ta yi ta kira, ta kai ƙarshe, ta sake farawa, mai wayar yana zaune bai ɗauka ba. Rabi ta tsaya ta dube ni, ta ce mu shiga? Na ce rana ta yi, ban ɗora koko ba. Muka wuce.